Wane Muhammadu Buharin ake nufi?

A tarihin ƙasar Hausa da daular Sakkwato akwai aƙalla sanannun mutane huɗu da suka amsa sunan Muhammadu Buhari. Akwai ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, malami kuma jarumi, wanda ya zauna Tambuwal a farkon ƙarni na 19. Akwai Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya ƙi bin Sakkwato, ya riƙe garinsa da ƙarfin takobi har ya rasu a 1863. Akwai Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari, jikan Waziri Giɗaɗo, wanda nauyin mutanen birni ya faɗo a wuyansa lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ya kuma rasu a 1910. Sai na Daura, soja, wanda ya mulki Nijeriya sau biyu, ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025. Asalin sunan su duka mutum ɗaya ne: Imam Muhammadu ɗan Isma'ila, mutumin Bukhara da ke ƙasar Uzbekistan ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira.

Ɗalibin da aka ba aikin gida a kan Waziri Buhari, idan ya rubuta sunan a wayarsa, na Daura za a fara jero masa, da hotuna da jawabai, shafi bayan shafi. Wazirin yana can ƙasa a binne. Wannan ba laifin iyayen da suka raɗa suna ba ne. Cin sunan mutumin kirki al'ada ce mai kyau, kuma babu dalilin da zai sa a bar ta. Laifin yana wuyan masu riƙe da alƙalami da makirfo, wato 'yan jarida da marubuta littattafan makaranta da masu wa'azi da masu wallafa tarihi a Facebook, waɗanda suka yar da kayan aikin da magabata suka bar mana na bambance takwara da takwara.

Sunayen yanka a wurinmu ba su da yawa. Annabawa, sahabbai, iyalan gidan Manzo, sai wasu manyan malamai. Daga wannan ƙaramin rumbu miliyoyin gidaje ke ɗiba. Ƙari a kan haka, sunayen suna tafiya ne bibbiyu, kamar an ɗaure su da igiya: Buhari da Sanusi da Bello suna bin Muhammadu, Sadiku yana bin Abubakar, Faruku da Sanda suna bin Umaru, Halilu yana bin Ibrahim, Maitama yana bin Yusufu, Shehu yana bin Usmanu. Saboda haka wanda ya ci sunan wani, yakan ɗauke shi ne ɗungurungum, da suna da inkiya. Shi ya sa ake da Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, wanda ya rasu a 2017, ake da Yusuf Maitama Tuggar na Bauchi da aka naɗa ministan harkokin waje a 2023, ake kuma da Bello Maitama Yusuf na Jigawa, minista a Jamhuriya ta Biyu kuma sanata daga baya. Su ukun duk sun riƙe minista. Marubucin da ya ce "Minista Maitama" ya wuce, bai gaya wa mai karatu komai ba.

Mutanen da sun san wannan matsala, kuma sun yi mata magani tun a tsakar gida. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, matar gida ba ta kiran yaron da ya ci sunan surukinta, sai a nemo alkunya: Abba, Baffa, Maikano, Babangida. Ranar haihuwa tana ba da suna, yanayin haihuwa yana ba da suna, sana'a da unguwa da sarauta duk suna ba da suna. Wannan laƙabin shi ne ainihin shaidar mutum a cikin jama'a. Sunan yankan Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta rasu a 2001, Hajaratu ne. Hajaratu kuwa akwai su a kowace unguwa, amma Gambo Sawaba ɗaya ce tak. Da makarantun kwana na boko suka tara yara daga garuruwa, aji ya cika da Abubakar da Muhammadu, sai aka riƙa liƙa wa kowa sunan garinsu. Ta haka aka sami Tafawa Ɓalewa da Shagari da Zungur.

Amma babu inda aka mayar da bambance takwara ilimi mai ƙa'ida kamar wurin malaman hadisi, kuma a ganina duk wanda zai yi rubutu a kan mutane ya kamata ya zauna gabansu ko da na mako guda ne. A ɗauki hadisin farko na Sahihul Buhari, hadisin niyya, wanda ɗan Islamiyya ma ya haddace. Isnadinsa, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi, mutum shida ne tsakanin Buhari da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, kuma uku daga cikinsu suna da sanannen takwara. Malamin Buhari a wannan isnadi, Humaidi, sunansa Abdullahi ɗan Zubairu, daidai da sunan sahabin nan da aka kashe a Makka a shekara ta 73 bayan Hijira. Humaidi ya rasu a 219, tsakaninsu shekara 146. Da Buhari ya ce "Abdullahi ɗan Zubairu ya ba mu labari" ya yi shiru, wanda bai san shekaru ba zai ɗauka ya haɗu da sahabi. Sai ya fara da laƙabin, sannan ya kawo sunan. Na uku a jerin shi ne Yahaya ɗan Sa'idu, kuma an bi shi da "Al'ansari", domin akwai wani babban malamin hadisi Yahaya ɗan Sa'idu Alƙaɗɗan, mutumin Basra, wanda ya rasu a 198, fiye da shekara hamsin bayan na farkon.

Na biyu a jerin kuwa "Sufyan" kawai aka ce. Sufyanu biyu ne manya: Sauri, mutumin Kufa, wanda ya rasu a 161, da Ibn Uyaina, malamin Makka, wanda ya rasu a 198. Ta yaya malamai suka yanke cewa Ibn Uyaina ake nufi? Ta ɗalibin. Humaidi Bamakke ne, ya lazimci Ibn Uyaina shekaru masu yawa, har ya zama shi ne kan gaba a cikin almajiransa. Idan Humaidi ya ce Sufyan, an san wanda yake nufi. Haka suke yi da Hammadu biyu na Basra: idan Sulaimanu ɗan Harbu ya ce "Hammad" bai ƙara komai ba, ɗan Zaidu ne, idan Musa ɗan Isma'ila Attabuzaki ne ya faɗa, ɗan Salama ne. Sun kira wannan fanni Almuttafiƙ wal Muftariƙ, wato waɗanda suna ya haɗa, zati ya raba, kuma Khaɗib na Bagadaza, wanda ya rasu a 463, ya yi littafi sukutum a kansa. Sun ƙirga mutum shida masu suna Khalilu ɗan Ahmadu. Sun ƙirga huɗu masu suna Ahmadu ɗan Ja'afaru ɗan Hamdanu, duk a zamani guda.

Hanyarsu ba ta da wuya, kuma tana aiki a kan sarki da ɗan siyasa da ɗan ƙwallo kamar yadda take aiki a kan maruwaici. Ana fara hawa nasaba, uba, kaka, har a kai inda sunayen suka rabu. Idan nasaba ba ta raba ba, a duba gari. Sai a duba wa ya koyar da shi, wa ya koya a wurinsa, ko a harshen yau, da wa ya yi aiki, a ƙarƙashin wa. Abin da ke rufe ƙofa shi ne shekarar rasuwa, domin gari ana canja shi, sarauta ana gadonta, laƙabi ana aronsa, amma mutum sau ɗaya yake mutuwa.

Ga yadda ake aiki da ita. Ibn Hajar biyu ne da ake yawan ambato a majalisan karatu: Askalani, malamin hadisi na Masar, wanda ya rasu a 852, da Haitami, malamin fiƙihun Shafi'iyya da ya zauna Makka, wanda ya rasu a 974. Idan aka karanto maganar "Ibn Hajar" kuma a cikinta ya ambaci ra'ayin Suyuɗi, to ba sai an buɗe wani littafi ba, Haitami ne. An haifi Suyuɗi a 849, yana ɗan shekara uku Askalani ya bar duniya. A nan akwai wani rami da masu rubutu ke yawan faɗawa, wato haɗa shekarar Hijira da ta Miladiyya a jimla ɗaya ba tare da alama ba. Mai karatu sai ya ga wani ya rasu a 852, wani a 1240, ya ɗauka na farkon ya riga na biyun, alhali 852 ta Hijira ita ce 1449 ta Miladiyya. Lissafin kusa-kusa mai sauƙi ne: a ninka shekarar Hijira da 0.97, a ƙara 622. Kuskurensa ba ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu, kuma ya isa a gane wa ya riga wa.

Wani lokaci rikita takwara ba ƙaramin kuskure ba ne, zalunci ne. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, Bamalike, mutumin Ishbiliya a Andalus, masanin tafsirin ayoyin hukunci, ya rasu a 1148 ta Miladiyya aka binne shi a Fas. Muhyiddin Ibn Arabi, babban sufi wanda malamai suka daɗe suna saɓani a kan maganganunsa, an haife shi a Mursiya a 1165, ya rasu a Dimashƙa a 1240. Alƙalin ya yi shekara 17 a kabari kafin a haifi sufin. A ƙasar da muhawara tsakanin 'yan ɗariƙa da masu sukar ɗariƙa take da zafi kamar tamu, mai wa'azin da bai tantance ba zai iya jingina wa alƙali maganar da bai taɓa ji ba, ko ya kafa hujja da sufi yana zaton fatawar Malikiyya yake karantowa. Malamai sun saba bambance su da "al": mai "al" shi ne alƙali, marar ita shi ne sufi. Amma wannan siririyar alama ce, tana faɗuwa a bakin mai magana, tana faɗuwa wurin buga littafi. Faɗin "Alƙali Abubakar" ko "Muhyiddin" ya fi aminci, kuma numfashi ɗaya ne.

Ko a allon makarantar tsangaya akwai takwara. Warshu da muke karantawa ruwaya ce daga Nafi'u, makarancin Madina, wanda ya rasu a 169 bayan Hijira. Nafi'un da Imam Malik ke ruwaito hadisi daga gare shi, daga Abdullahi ɗan Umar, wani ne daban, bararren bawan Ibn Umar, wanda ya riga makarancin rasuwa da kusan shekara hamsin. Gari ɗaya, suna ɗaya, kuma Malik ya zauna gaban su biyun. A nan gari bai raba ba, ɗalibi bai raba ba, sai fanni da shekara.

Idan aka dawo gida, misalin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na Attahiru. A shekarar 1903 an yi Sarkin Musulmi biyu, kowanne sunansa Muhammadu Attahiru. Na farko, ɗan Ahmadu ɗan Atiku, shi ne ya fita ya tari Turawa a bayan ganuwar Sakkwato, da aka rinjaye shi ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutane har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu Shuɗi har gobe. Na biyu, ɗan Aliyu Babba ɗan Bello, shi ne aka naɗa a gaban Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka, a cikin watan Maris na shekarar, ya yi sarauta har 1915. Jimla guda da ta ce "Sarkin Musulmi Attahiru a 1903" tana iya nufin wanda ya yi shahada yana yaƙar Turawa, tana iya nufin wanda ya karɓi sarauta a ƙarƙashinsu. Kowannensu yana da uzurinsa da matsayinsa a tarihi, kuma kowannensu yana da zuriya da ke raye. Ba daidai ba ne littafin makaranta ya bar yaro cikin duhu a kan wannan. Ga shi kuma a sakin layin nan kaɗai wasu takwarorin sun ɓullo: Muhammadu Bello Mai Wurno ba shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837 ba, ba kuma shi ne Sarkin Kano Muhammadu Bello ba, wanda rasuwarsa ta buɗe ƙofar basasa tsakanin ɗansa Tukur da Yusufawa. Aliyu Babba ma biyu ne, na Sakkwato da ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, da Alu na Kano wanda Turawa suka tsare a Lakwaja.

Za a ce ai lamba ta magance wannan, na ɗaya, na biyu, na uku. Tana taimakawa, kamar yadda ta raba Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na I, wanda ya sauka a 1963, da jikansa na II da aka naɗa a 2014. Sai dai lamba tana aiki ne idan an yarda da abin da ake ƙirgawa. Sarkin Musulmi Abubakar na III, wanda ya yi shekara hamsin a kan karaga daga 1938 zuwa 1988, na uku ne domin Abubakar biyu sun gabace shi: Atiku ɗan Shehu, da Atiku na Raba. Yau kuma jaridu suna rubuta ɗansa, wanda aka naɗa a 2006, da "Sa'ad Abubakar III". Uba da ɗa sun zama masu lamba ɗaya. Mu da muke raye mun san bambancin. Wanda zai buɗe jaridun nan bayan shekara tamanin fa?

A aikin jarida abin ya fi gaggawa, domin kanun labari yana yawo shi kaɗai, ba tare da jikin labarin ba. A watan Agustan 1993, cikin makonnin da Janar Ibrahim Babangida ya sauka daga mulki, wani Ibrahim Babangida yana Japan tare da tawagar 'yan ƙasa da shekara 17 da ta ciyo wa Nijeriya kofin duniya na ƙwallon ƙafa. Ƙanen ɗan ƙwallon nan Tijjani Babangida ne. A watan Mayun 2024 ya rasu a haɗarin mota a hanyar Kaduna zuwa Zariya. Kanun da ya ce "Ibrahim Babangida ya rasu" bai faɗi ƙarya ba, amma ya yaudari duk wanda ya gani, kuma ya tauye wa mamacin haƙƙinsa, domin an mayar da mutuwarsa tarkon jawo masu karatu. Kalma uku sun isa: "tsohon ɗan ƙwallo". Editan da ya cire su don ya sami masu latsawa ya san abin da yake yi.

Hoto ma haka. Galibi ana ajiye hotuna a kwamfutar ɗakin labarai da suna kawai, wanda ke kan aiki da dare ya rubuta sunan, ya ɗauki na farkon da ya fito. Gyaran ba ya cin ko kwabo: sunan kowane hoto ya ƙunshi cikakken suna da muƙami da gari da shekarar da aka ɗauka, kuma kada a saka hoton mutum a labarin rasuwa ko na tuhuma sai mutum na biyu ya duba ya tabbatar.

Akwai kuma kishiyar matsalar, inda suna ɗaya ke rikiɗa ya zama da yawa. Shugabannin Nijar huɗu sunansu Muhammadu, amma a takarda an rubuta Mahamane Ousmane, Mamadou Tandja, Mahamadou Issoufou da Mohamed Bazoum. A Nijeriya kuma mutum ɗaya yakan zama Muhammad a takardar makaranta, Mohammed a banki, Muhammadu a fadar sarki, Mamman a gida. Mai bincike ya gwada duk rubutun kafin ya yanke cewa mutum biyu ne, ko mutum ɗaya. Mai rubutu kuma ya bi yadda mai sunan yake rubuta abinsa, ya tsaya a kai daga farkon rubutu zuwa ƙarshe.

Wasu na ganin mafita ita ce mu koma sunan dangi irin na Turawa, kowane gida da nasa. Ban ga alamar hakan zai wadatar ba. Abin da muke sakawa a gurbin sunan dangi a fom sunan uba ne, wanda shi ma daga rumbun nan aka ɗebo shi, sai a sami Abubakar Muhammad da Muhammad Abubakar ba iyaka, laƙabin da zai raba su kuwa fom bai bar masa gurbi ba. Gidajen da suka riga suka sami sunan dangi ma ba su tsira ba: "'Yar'aduwa" yana iya zama Musa, Matawallen Katsina kuma minista a Jamhuriya ta Farko, ko ɗansa Shehu da ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997, ko ɗansa Umaru da ya rasu yana shugaban ƙasa a 2010. Su kansu Turawan suna fama. A 1899 Winston Churchill na Ingila, tun yana matashin marubuci, ya tarar akwai wani Winston Churchill a Amurka, marubucin ƙagaggun labarai, wanda a lokacin ya fi shi suna a kasuwar littafi. Ya rubuta masa wasiƙa, ya ce daga yau shi zai riƙa ƙara Spencer a tsakiyar sunansa. A gasar Olamfik ta 1996, wadda Nijeriya ta doke Brazil da ci 4 da 3 a wasan kusa da na ƙarshe, Ronaldo ya buga ne da "Ronaldinho" a bayan rigarsa, saboda akwai wani Ronaldo da ya girme shi a tawagar. Ƙarin suna da laƙabi suka koma wa, abin da kakanninmu suke yi tun tuni.

Abin da nake nema daga gidajen jarida da na rediyo da masu buga littattafan Hausa ƙa'ida ce guda, a rubuce, a manne a bango. Duk lokacin da aka fara ambaton mutum a rubutu, a kawo sunansa da na mahaifinsa ko laƙabin da aka san shi da shi, da garinsa ko muƙaminsa, da shekarar rasuwarsa idan ya rasu, da alamar Hijira ko Miladiyya. Idan sarauta aka ambata, a haɗa da sunan mai riƙe da ita a lokacin da ake magana, domin Wazirin Sakkwato a 1820 Giɗaɗo ne, a 1903 Buhari ne, a 1960 Junaidu ne. Bayan ambaton farko a taƙaita yadda aka ga dama. Masu rubuta shafukan Wikipedia ta Hausa su ma su buɗe wa kowane suna irin wannan shafin rarrabewa, wanda zai jera masu sunan da shekarunsu kafin ya tura mai karatu wurin kowannensu, su fara da Muhammadu Bello da Muhammadu Attahiru da Aliyu Babba da Muhammadu Buhari.